Tsarabar da Ta Yi Hayaƙi

Jidda,
29 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga taubashina, Sama'ilu mai gyaran rediyo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da Goggo Fanta da duk mutanen Unguwar Kuka. Ni ma lafiya lau, sai zafin Jidda da kewar gida. An gama aikin hajji, mun koma bakin aikinmu na shara a asibiti.

Hajiya Safiyatu ta garinmu, da ta zo hajjin bana, ta ba ni labarin jikin Baba. Ta ce tun bayan ƙaramar salla ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, amma hannun yana kwance a cinya, magana kuma sai an kasa kunne. Ta ce abin da ya fi damun Inna shi ne ya ƙi motsa hannun, yini yake a soro ya juya wa kowa baya. Sama'ilu, kwana uku na yi abinci bai wuce mini ba. Mutumin da rabin igiyoyin garinmu hannunsa ne ya tufka su.

A ɗakin da nake sharewa ake gasa wa masu irin wannan ciwo jiki. Na tambayi likitan wurin, wani ɗan Sudan mai sauƙin kai. Ya ce watanni shida na farko su ne abin ji. Abin da hannu ya koya a cikinsu ya zama nasa, bayan nan kuma sai yadda Allah ya yi. Na lissafa, na ga watanni shidan Baba za su cika ne gab da girbin gero. Ya kuma nuna mini wata dabara. Yakan ba marasa lafiya na'urar gem ta yara, wadda ake jonawa da talabijin, su yi ta danna maɓallai. Mutum yana shagala da wasa, yatsu suna aiki bai sani ba.

Na sayi guda a gwanjo, har da kaset ɗaya na tseren mota. Yanzu ka buɗe kunnenka, don na san ka da rawar hannu. Wutar unguwar da nake ɗari da goma ce, taku kuwa ɗari biyu da ashirin. Shi ya sa na haɗo da wani baƙin akwati mai nauyi, taransifoma ce mai rage wuta. Ita za ka fara jonawa a soket, sannan ka jona adaftar gem ɗin a jikinta. Kada ka kuskura ka tsallake ta.

Kayan suna wajen Hajiya Safiyatu. Takardar kuwa Alhaji Kassimu zan ba, don Hajiya ta riga ta wuce sansanin alhazai kafin in zauna rubutu. An ce jirginsu ɗaya ne.

Kada ka gaya wa Baba daga inda take sai ka duba fuskarsa. Ka san yadda muka rabu shekara bakwai da suka wuce. Duk wanda zai yi tafiya a gidanmu Baba ne yake tufka masa igiyar ɗaure kaya, ko da Dawanau za shi ya kwana biyu. Ni da na sayar da bijimin da ya ba ni na yi fasfo, ya hana ni igiyar. Da robar tayar kekenka na ɗaure jakata.

Ka gaida Inna da kyau. Ka huta lafiya.

Naka,
Muntaka.

*

Unguwar Kuka,
28 ga Yuni, 1994.

Alhaji Muntaka mai tsintsiya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Damina ta sauka, an yi shuka, gero ya tsiro da kyau, sai dai taki ya gagari talaka bana. Jikin babanka, Kawu Yuguda, yana nan jiya i yau.

Takardarka ta iso shekaranjiya, bayan kayan da kwana goma sha tara. Jirgin su Alhaji Kassimu ya bar su a can, shi kuma da ya dawo sai da ya gama karɓar barka da zuwa sannan ya tuna da aljihun jakarsa. Da na karanta, sai na zauna a ƙasa. Bari in gaya maka komai, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kai da ka yi shekara bakwai a waje, ka manta yadda ake yi da tsaraba a gidanku? Kaya suna sauka Inna ta shimfiɗa tabarma ta baje su, ta yi rabo yadda aka saba, kowa da girmansa. Dabino da zamzam ga maƙwabta, tasbaha ga liman, bagaruwa da kallabi ga mata. Da ta zo kan baƙin akwatinka ta ɗaga ta ji nauyi, ta ce wannan ba na yara ba ne, abu mai nauyi na babbar gida ne. Ta aika wa goggonka, wato tsohuwata. Ni lokacin ina Dawakin Tofa wajen gyara. Da na dawo, gem da adafta da kaset kawai aka miƙo mini, aka ce ga kayan wuta, kai ka san kansu.

Na san kansu kuwa. Na kinkimo talabijin ɗin shagona na kai soron Kawu, muka jira har aka kawo wuta bayan la'asar. Jama'a sun cika ƙofar gida. Inna ta riga ta gaya masa daga wa take, don ita ba ta iya riƙe farin ciki. Ya juyo yana kallo, karo na farko a cikin watanni. Na jona. Motoci suka fito a talabijin, masu kallo suka yi kabbara, sai muka ji fus, ga hayaƙi da ƙauri kamar an ƙona kofato.

Muntaka, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. An rubuta 110 ɓaro-ɓaro a bayan adaftar, ban juya na duba ba. Na ɗauka abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ba ya cutuwa. Abin da ya fi ba ni haushi, kwana goma sha tara ina shiga ɗakin tsohuwata gaisuwa, akwatin nan yana kan faifan tukunyar daddawarta, da shi take danne shi saboda kaji. Na sha tsallake wayarsa ban gane ba. Jiya na je karɓa, ta ce, "Kai Sama'ilu, abin da ya fito daga Makka za ka raba ni da shi? Je ka ka tambayi wanda ya aiko ko sunanka ya rubuta a jiki." Na bar mata, don yanzu ba shi da amfani, abin da zai kare ya riga ya ƙone.

Ba zan ɓoye maka abin da Kawu ya yi ba. Ya daɗe yana kallon hayaƙin, ya ce wata magana da Inna ce kaɗai ta gane. Wai cewa ya yi, haka kayan can suke. Ya koma ya fuskanci bango.

Na buɗe na'urar. Fis ya tafi, da wani ɗan abu mai ƙafa uku da yake daidaita wuta. Waɗannan ina da su a cikin matattun rediyoyi. Adaftar ce ta zama gawayi. Ka ba ni lokaci.

Mai laifi,
Sama'ilu.

*

Jidda,
24 ga Yuli, 1994.

Sama'ilu,

Salam. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na ga takardarka.

Ka ajiye ta kawai, kada ka sake taɓa ta. Da na san haka za a yi da ban aiko maka ba. Ka roƙi Inna ta riƙa shafa masa man zafi a hannun safe da yamma. Ban da abin cewa kuma.

Muntaka.

*

Unguwar Kuka,
20 ga Agusta, 1994.

Ranka ya daɗe, injiniyan Jidda,

Muna lafiya, gero ya fitar da kai. Na ga takardarka mai layi huɗu. Tambarin gidan waya ma ya fi ta yawan magana. Wato kada in sake taɓawa, ko? Da ka sani da ba ka aiko mini ba. Ni ne dai na gyara maka rediyonka sau uku kana saurayi, ko godiya ba ka yi ba. Na yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan na zama wanda ba a ba shi amana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kwana biyu ban yi wa kowa fara'a ba. To ka sani, takardarka ta makara kamar yayarta, na riga na taɓa.

Na je Kano sau ɗaya neman adafta. Ba ka ga layin mai ba, daga Dawanau har ido ya gaji. A bayan motar hatsi na tafi, da ƙafa na ƙarasa, na dawo hannu rabbana, don 'yan kasuwa rabi sun rufe, rabi sun ce kaya ba sa shigowa. Sai na ce wanda ya yi adafta ai mutum ne. A cikinta ba komai sai ƙarfe da waya da aka naɗa. Na ciro ƙarfen wata tsohuwar rediyo mai kaset, na warware siririyar waya daga matacciyar fanka, na yi lissafi. Zagaye dubu ɗaya da ɗari biyar nake bukata don ta sha wutarmu kai tsaye. Na haɗa abin naɗi da fedar keke da katako, kana juya fedar da hannu ɗaya, ɗayan yana jera wayar.

Ga inda labarin yake. Da safe kowa yana gona, Inna ta roƙe ni in riƙa zama da Kawu. Sai na riƙa kai aikina soronsa. Ka san ni da gaggawa. Ina naɗi waya tana hawa kan waya, ta cukurkuɗe, ta tsinke, in sake. Rana ta uku sai na ji mafici a ƙeyata. Na waiga, Kawu ne, ya juyo gaba ɗaya, ido ya yi ja. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ɓarna."

Na ce, "Kawu, waya ce, ba rama ba ce."

Ya ce, "Duk... ɗaya."

Ya jawo abin gabansa, ya kama wayar da hagu, ya nuna mini fedar da haɓa. Ina juyawa yana jerawa, zare kusa da zare, ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Amma juyina bai yi masa ba, wai ina sauri. Na yi fushin ƙarya na ce to Kawu sai ka juya da kanka, na miƙe kamar zan fita. Ina bakin ƙofa ina satar kallo. Ya dubi hannun nan nasa ya daɗe, sannan ya ɗauke shi da hagu ya ɗora a kan fedar. Ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Na dawo na ɗaure masa shi da bakin rawaninsa.

A ranar nan zagaye goma sha ɗaya ya yi, gumi ya jiƙa masa riga. Na fita bayan gida na yi kuka, ni da gemuna.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Tun makon jiya ya daina yarda a ɗaure hannun. Yana ƙirgawa da baki, in ya kai hamsin ya jefa tsakuwa a ƙoƙo, don haka harshen ma yana samun nasa rabon. Jiya ya yi tamanin.

Ko ka yarda ko kada ka yarda, zan gyara ta.

Wanda bai iya komai ba,
Sama'ilu.

*

Jidda,
13 ga Satumba, 1994.

Taubashi, sarkin fushi,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Na karanta takardarka a bayan ɗakin wanki, na sake karantawa, har wani abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ka yafe mini. Wallahi ba da kai nake ba. Da na karanta abin da Baba ya faɗa, sai na ga duk abin da ya fito daga hannuna hayaƙi yake zama a gabansa. Nufina shi ne na ɗora maka wahala, na sa ka ji kunya a gaban jama'a saboda sakacina. Wane mai hankali ne zai raba kaya da takardarsu, kuma ya manta Inna da tabarmarta? Ka gaya wa Goggo akwatin nata ne halak malak, Allah ya tsare daddawa.

Na kai wa likita labarin fedar keke. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce wannan ya fi gem ɗin, a bar shi ya yi ta yi, kada a yi saurin gamawa. Ya ce wata shidan da ya faɗa ba katanga ba ce, hannun da yake aiki yakan ci gaba da koyo.

Ina ganinsa a idona yana jera wayar nan. Haka yake yi mini in na tufka igiya sako-sako, ya warware ta tun daga farko ya ce in sake. Lokacin ina jin haushi.

Akwai tambayar da nake ta juyawa. Na san ni ɗan fari ne, ko da muna lafiya ba ya kama sunana. Amma ya taɓa tambayar ko ina nan? In bai taɓa ba ka faɗa mini gaskiya, na saba da ita daga bakinka.

Naka har kullum,
Muntaka.

*

Unguwar Kuka,
17 ga Oktoba, 1994.

Muntaka,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. An yanke gero, ba yabo ba fallasa, dawa kuma tana hanya. Na yafe maka, amma da sharaɗin takardarka ta gaba ta wuce layi huɗu.

Shawarar likitanka ta zo ta tarar ina yinta. Tun da na ga Kawu ya doshi zagaye dubu na fara tsoron ranar da za a gama, kada ya koma ga bangonsa. Sai na shiga sata. Kullum in na zo da safe, kafin Inna ta gama shirya shi, sai in warware sittin ko saba'in, in kwashe tsakuwa ɗaya daga ƙoƙo. Kwana tara ina cin kasuwata. Rana ta goma ya zauna, bai dubi ƙoƙon ba, ya ɗora babban yatsansa a kan naɗin ya shafa. Yatsan dama, Muntaka. Wanda tun bayan ƙaramar salla ko tsinke aka soka masa ba ya ji. Ya ɗago ya ce, tiryan-tiryan ba gargada:

"Ɗan Fanta, kai ɓarawo ne. Jiya a bakin nan na tsaya."

Inna tana tsakar gida ta saki tsintsiya ta leƙo. Wata bakwai ba ta ji ya haɗa magana mai tsawon haka ba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Mun gama ranar Alhamis ta makon jiya. Na sa takardar siminti tsakanin kowane layi, na naɗa 'yar gajeriyar waya ta biyu, na like da dalma, na auna da mita sau uku. Wannan karon ban gayyaci kowa ba. Daga ni sai shi sai Inna. Da aka kawo wuta na yi bisimilla na jona. Motoci suka fito. Muka jira hayaƙi, bai zo ba. Na taɓa ƙarfen, ɗumi kawai.

Yanzu kullum aka kawo wuta jikoki suna cika soro. Ka zo ka ga tuƙin Kawu. Tseren mota ne, amma shi a hankali yake tafiya a gefen hanya kamar mai jan amalanke, kowa ya wuce shi. Jikoki suna ta cewa ya taka, shi kuwa ya ce su da suka taka ga su can a rami. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum kuma ya isa lafiya. Cokali yana riƙewa da dama, alwala ma shi yake yi wa kansa. Yatsu biyu na ƙarshe ba su gama miƙewa ba, kada in yi maka ƙarya.

Game da tambayarka. Gaskiya bai taɓa tambaya ba, ni ma ban yi masa maganarka ba. Amma da aka yanke ramar bayan gida ya sa aka jiƙa masa dami ɗaya, aka ɓare. Kwana shida yana zaune yana tufka a cinya, in ta yi sako-sako ya warware ya sake. Mun zaci ta akuya ce. Jiya da ya ji Malam Basiru zai tafi umara kuma shi zan ba takardar nan, sai ya kira ni ya jefo mini ita. Ba ta kai kyan irin tasa ta da ba, akwai ƙulli a wuri biyu, amma na taka na ja da ƙarfina ba ta tsinke ba. Tsawonta gaba huɗu ne.

Na ce, "Kawu, wa za a ba?"

Ya ce, "Mutumin Jidda. Ka ce masa roba ba ta riƙe kaya."

Na ce shi ke nan saƙon? Ya ɗauki abin danna gem ɗinsa, ya juya ga talabijin, sannan ya ce, "In ya ɗaure, ya taho."

Na koyi darasi, ban raba kaya da takarda ba. Igiyar da ka kwance kafin ka buɗe ambulan ɗin nan, ita ce.

Sai mun gan ka.

Taubashinka,
Sama'ilu.